Boxer da ya yi acaɓa ko roba-roba da ya daɗe a ajiye: amsa ga mai neman babur na hannu

Wani malamin makarantar firamare da ke zaune a Kankiya ya aiko da tambaya. Ya ce makarantar da yake koyarwa tana wani ƙauye mai nisan kilomita 14 daga gidansa, kusan rabin hanyar kwalta ce, sauran kuwa burji ne da yashi, kuma da damina akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya a cikinsa. Yana da 'yar gona a gefen hanyar, saboda haka da kaka yakan so ya ɗauko buhun gero ko na wake idan zai koma gida. Ya tara kuɗin babur na hannu, ya kuma samu guda biyu. Na farko Bajaj Boxer ne mai inji 100, wato girman injinsa cc 100 ne, shekararsa uku, yana hannun dillali. An ce ya yi acaɓa, an taɓa sauke injinsa sau ɗaya, an sake masa fenti da rigar kujera, takardarsa kuwa rasit ne kawai. Na biyu Haojue ne mai inji 110, irin wanda muke kira roba-roba, na wani ma'aikacin gwamnati ne a unguwarsu; shekararsa shida, amma ya yi fiye da shekara guda a ajiye tun da mai shi ya sayi mota, yana da lamba, takardunsa kuma cikakku ne. Kuɗinsu ya yi kusa da juna, Boxer ɗin ya ɗara da kaɗan. Yana son ya san wanda ya kamata ya ɗauka.

Malam, na yi sama da shekara 20 ina kwance injin babur ina mayarwa, kuma da ni ne zan riƙa bin hanyar da ka kwatanta safe da yamma, Boxer zan so in hau. Sai dai ba sabo ne a kwali aka ajiye maka ba, wani babur ne da ya riga ya sha hannun mutane, kuma dole ne a yi masa tambayoyi kafin a ba shi amana. A wajen sayen na hannu nakan kasa aibobin babur gida biyu: akwai wanda kuɗi ke gyarawa, akwai wanda ko nawa ka kashe ba zai gyaru ba. Inji, duk lalacewarsa, yana kashin farko. Takardu da ƙarfen jikin babur, wanda muke kira shasi, suna kashi na biyu. Abin da na daɗe ina gani shi ne mai saye ya tsuguna yana kasa kunne ga ƙarar inji har rabin awa, alhali bai ko leƙa lambar da ke wuyan babur ɗin ba, wato ya ɓata lokacinsa a kan abin da bakanike zai gyara masa cikin yini guda, ya bar abin da zai iya kwanar da shi a ofishin 'yan sanda.

Dalilin da ya sa na karkata ga Boxer a hanyarka ba boyayye ba ne. Kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ya ƙera shi ne domin lodi da mummunar hanya: injinsa a tsaye yake, cikinsa ya ɗaga daga ƙasa, kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kariyarsa ta baya kuma tana ɗaukar buhu ba tare da ta yi kuka ba. Yana da kuloci na hannu, wanda a cikin yashi babban abu ne, domin da shi ne mahayi ke lallaɓa ƙarfin inji ya kai shi ga tayar baya a hankali maimakon taya ta haƙa rami ta zauna. Tankinsa ya ninka na roba-roba fiye da sau biyu, don haka ba kullum za ka tsaya gidan mai ko wurin 'yan bumburutu ba. Abin da ya fi duk wannan shi ne kayan gyara. Da wuya ka je kasuwar ƙauye a ƙasar Katsina ko Kano ka rasa mai sayar da fiston, zobe, fulogi ko igiyar kuloci ta Boxer, da kuma yaron da ya iya ɗaura su.

Roba-roba kuwa asalinsa babur ne na cikin gari. Tsarinsa ya samo tushe daga Super Cub da kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1958: inji a kwance yana kallon gaba, kuloci mai kama kansa da kansa, tanki ƙarami a ƙarƙashin kujera wanda galibi bai wuce lita huɗu ba. Haojue yana cikin masu kyau a kayan ƙasar Sin, kamfani ne da ya daɗe yana aiki tare da Suzuki, kuma ban cika ganin injinsa yana ba da wahala ba idan ana yi masa juye a kan lokaci. Yana da daɗin hawa da babbar riga, ba ya shan mai, ba ya gajiyar da hannu. Amma kan injinsa yana ƙasa-ƙasa a bayan tayar gaba, daidai inda ruwan kwarin nan da taɓo za su riƙa dukansa, kuma robobin da suka ba shi sunansa ba sa jure gargada. Bayan damina ɗaya ko biyu a kan burji za ka ji suna ƙara ta ko'ina, kunnuwan da ake ɗaure su da noti sun karye, an koma ɗaure su da waya. Zai kai ka makaranta, wannan babu shakka, amma buhu cikakke a bayansa kullum zalunci ne.

Kafin ka ce shekara uku ta fi shekara shida ƙuruciya, mu yi ɗan lissafi. A ce ɗan acaɓa yana yin kilomita 100 a rana, kwana shida a mako; a shekara uku ya haura kilomita 90,000, kuma mafi yawansu da goyo, wani lokaci goyo biyu da kaya. A ce ma'aikacin nan yana yin kilomita 10 a rana zuwa ofis da dawowa, kwana biyar a mako. A shekara biyar da ya yi yana hawa bai wuce kilomita 13,000 ba. Ka ga ke nan wanda aka ce yaro ne shi ne tsoho. Kada kuma ka dogara da abin da mita ta nuna, domin igiyar mita na cikin abubuwan da ke fara tsinkewa a babur ɗin haya, kuma ba wanda ke damuwa da mayar da ita. Robar da ake taka ƙafa, da ƙarfen birki, da ƙarfen giya sun fi mita faɗin gaskiya: idan sun sule sun yi santsi, tafiya ce ta sule su, idan kuma ka same su sababbi ƙal a jikin tsohon babur, to wani ne ya riga ka sanin cewa za a duba su. Akwai kuma abin da ya kamata ka tambaya, wato ko mai shi ne yake hawansa ko kuwa bayarwa ya yi ana kawo masa balas. Wanda ke hawan nasa yakan ji tausayinsa, ya yi masa juye a kan kari. Yaron da aka ɗora wa balas kullum ba ruwansa da baƙin mai, burinsa kuɗin yau su cika.

Yanzu sai takardu, kuma a nan ne nake son ka fi tsayawa. Rasit kawai ba laifi ba ne a karan kansa, domin babura da yawa a ƙauyukanmu ba a taɓa yi musu lamba ba tun da aka fito da su daga shago. Abin dubawa shi ne ko rasit ɗin na wannan babur ɗin ne. Kowane babur yana da lambobi biyu da aka buga a jikin ƙarfe: lambar inji, wadda ke jikin kwanon inji ta ƙasa, da lambar shasi, wadda galibi ke wuyan babur inda kai ke juyawa. Lambar shasi haruffa ne da alƙaluma 17. Ta Bajaj takan fara da MD2, ta baburan ƙasar Sin kuma takan fara da harafin L, kuma a ƙa'idar wannan lamba ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Ka sa a goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka haska fitilar wayarka, ka karanta da bakinka harafi bayan harafi wani yana bin rasit da yatsa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. Idan ka ga wani alƙalami ya karkace, ko ya fi 'yan'uwansa zurfi, ko ƙarfen wurin ya yi kwari kamar an goge shi da dutsen wuta, ko fenti ya yi kauri a daidai wurin har lambar ba ta karantuwa, to ka yi sallama da dillalin cikin mutunci ka kama gabanka, ko da rabin kuɗi ya ce ka ba shi.

An ce maka an taɓa sauke injin, saboda haka ka tambaya ko gyara shi aka yi ko sauya shi aka yi. Idan an sauya kwanon inji, lambarsa ba za ta dace da rasit ba, kuma sai an kawo maka takardar inda aka sayo shi. Akwai wani bawan Allah, manomi, da yake kawo mini gyara shekarun baya. Ya sayi babur a wata kasuwa da araha, har ya zo yana nuna mini yana murna. Bayan wata biyar aka tare shi a shingen bincike, aka duba lambar inji, ashe na wani babur ne da aka ƙwace a hannun mai shi. Ya kwana biyu a tsare kafin mai unguwarsu da 'yan'uwansa su fito da shi, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, wanda ya sayar masa kuwa ko lambar wayarsa ba ta shiga. Dokar Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka, ta hukunta wanda ya karɓi kayan sata alhali ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zargin na sata ne, kuma farashin da ya faɗi ƙasa warwas da lambar da aka goge suna cikin abubuwan da za a ce sun isa su sa mai hankali zargi. Kai kuma a jihar Katsina kake, ka san yadda lamarin babur ya zama. A shekarar 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka, har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, nan kusa da ku. Boxer na cikin baburan da jami'an tsaro suka fi sa wa ido a hanyoyin daji, kuma shi ne ɓarayi suka fi so saboda saurin shigarsa kasuwa. Malamin da zai bi hanyar ƙauye kullum da irin wannan babur yana bukatar takardar da ba ta da tabo ko kaɗan.

Don haka sharaɗina na farko a kan Boxer ɗin shi ne dillali ya kawo maka mutumin da sunansa ke kan rasit, ido da ido. Idan babur ya bi ta hannu biyu ko uku, a kawo takardar cinikin kowane hannu. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan, la'adarsa yake nema, kuma ya san la'adar tana nan. Wanda ya fara cewa mai shi ya yi tafiya, ko ya ce ai kowa ya san shi a kasuwar nan, ya riga ya ba ka amsa. A wannan fage roba-roba ɗin maƙwabcinka ya yi wa Boxer fintinkau, domin ka san gidan mutumin, ka san wurin aikinsa, ka kuma ga babur ɗin a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Duk da haka shi ma ka gwada lambobinsa da takardu, ba don zargi ba, sai don akan samu kuskuren rubutu tun daga shago, kuma gara a gyara shi yanzu mai shi yana kusa.

Idan takardu sun fita, sai shasi. Sabon fenti a kan babur ɗin da ya yi acaɓa bai isa a ce an ɓoye wani abu ba, dillalai sukan yi wa kaya kwalliya don su shiga ido, amma ya isa ya sa ka ce a cire kujera da tanki. Aikin minti goma ne ga kowane bakanike. Idan an ɗaga tankin, ka bi ƙarfen da ya taso daga wuyan babur zuwa ƙarƙashin kujera da ido da yatsa. Waldar kamfani lafiyayya ce, a jere take, kaurinta ɗaya. Waldar bakin titi kuwa dunƙule-dunƙule take kamar gidan zanzaro, kuma fentin gefenta yakan ƙone ko ya bambanta da sauran. Wurare uku ne suka fi karyewa a babur ɗin lodi: wuya, da inda shokozoba ta baya ke ɗaure ta sama, da ƙarfen da ke ɗauke da kariya. Walda a kariya ko a wurin taka ƙafa ba komai ba ce, kusan duk babur ɗin haya yana da ita. Walda a wuya ita ce ba na yafewa, domin tana nufin babur ya taɓa yin karo mai tsanani ta gaba, kuma ƙarfen da ya taɓa lanƙwasa aka gasa shi aka miƙe ba ya komawa yadda yake. Ranar da zai sake buɗewa ba zai yi shawara da kai ba, yana iya zama a kan gargada da ɗanka a baya.

Ko ba ka ga walda ba, ka ɗora shi a kan jaki na tsakiya, ka koma bayansa da ɗan nisa ka tsuguna, ka dubi tayar baya da ta gaba ko suna kan layi ɗaya. Ka ɗaga gaba, ka juya kai dama da hagu a hankali. Idan yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ɗin wuya ne ya ci, wannan gyara ne mai sauƙi. Ka kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko tana wasa. Sannan ka hau, ka samu kwalta mai kyau inda babu motoci, ka yi tafiya madaidaiciya, ka sassauta riƙon kai kaɗan ba tare da ka saki ba. Babur mai lafiya zai miƙe abinsa. Wanda ya karkace zai riƙa janka gefe guda, kuma za ka ga tayarsa ta fi cinyewa ta ɓangare ɗaya. Irin wannan babur yana cin taya, yana cin sarƙa, yana gajiyar da kafaɗa, kuma a cikin yashi shi ne ke kayar da mutum.

Sai a zo kan inji, wanda na ce yana gyaruwa. Ana duba shi ne don a san nawa za a rage a kuɗin. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokacin zuwanka ba, kuma kafin kowa ya taɓa babur ɗin ka ɗora bayan hannunka a kan injin. Idan ka ji shi da ɗumi da ƙarfe bakwai na safe, an riga an tayar da shi don kada ka ga yadda yake tashi da sanyi, sai ka ce za ka dawo gobe. Injin da ya kwana yana faɗin abin da ke cikinsa. Ka taka kik a hankali da ƙafarka kafin ka kunna makulli: ya kamata ka ji ya tokare ka a wani wuri, ya yi tauri, sannan ya wuce. Idan ya zurma ƙasa salalaf ba tare da turjiya ba, fiston da zobensa sun gaji ko bawul ba ya rufewa. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza man tsakanin yatsu biyu. Man da ya dace da waɗannan injuna yana da ɗan kauri amma yana gudu. Idan ka ji shi yana danƙo yana jan zare kamar maɗi, an zuba mai kauri ne don a danne ƙara da hayaƙi. Ka ɗaga yatsan a rana, idan ka ga ƙyalli-ƙyalli a ciki, garin ƙarfe ne, wani abu yana cin wani a cikin injin.

Bayan ya tashi, ka bar shi a silo, ka koma bayan salansa. Ɗan farin tururi da sanyin safiya wanda ke ɓacewa bayan minti biyu ba komai ba ne. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya yi yawa, matsalar kafireto ce ko matatar iska ta toshe da ƙura, gyaran ƙaramin kuɗi ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da warin ƙonannen mai, musamman idan aka murɗa totur aka saki, shi ne shaidar inji yana shan baƙin mai. Ka sa a kwance fulogi: bakinsa ya kasance ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, idan baƙi ne jiƙe da mai, ya tabbatar da abin da hayaƙi ya faɗa, idan kuma sabo ne fil, to an sauya shi jiya ne kuma shaidarsa ba ta da amfani. Game da ƙara, ƙas-ƙas siririya daga saman inji yawanci bawul ne ke son saiti. Ƙarar sarƙa tana kaɗawa daga gefe sarƙar taimin ce ta saki. Wadda za ka ji tsoro ita ce bugu mai nauyi daga can ƙasa, ƙwal-ƙwal, wanda ke ƙaruwa idan aka ba shi wuta, domin wannan sai an raba injin gida biyu, kuma shi ne gyara mafi tsada a jikin babur. A kan hanya kuma ka sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, sannan ka murɗa totur sosai. Idan inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana sulɓewa. Ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka tabbata babu wadda ke fita da kanta.

Sauke inji sau ɗaya a babur ɗin da ya yi irin wannan tafiya ba abin kunya ba ne, har ma nakan fi natsuwa da wanda aka faɗa mini gaskiya an sauke shi a kan wanda aka rantse mini ba a taɓa kwance ko noti ɗaya ba. Tambayar ita ce wa ya yi aikin, da wane irin kaya. Kasuwa cike take da fiston da zobe iri-iri, daga na kamfani har zuwa wanda ba ya wata uku, kuma mai shirin sayar da babur ba ya sayen mai tsada. Saboda haka ka ƙaddara a ranka cewa za ka sake wannan aikin cikin shekara guda, ka tambayi bakanikenka kuɗinsa a farashin yau, ka cire shi daga abin da za ka biya. Haka za ka yi da sarƙa da faifanta idan haƙoran sun lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya, da tayoyi, da takalman birki. Bakaniken kuwa ya zama naka, wanda kai ka ɗauko shi ka biya shi ladan dubawa. Wanda ke zaune a rumfar dillali abokin cin abincinsa ne.

Shi ma roba-roba ɗin ba a ɗauke shi da ido rufe, domin zama yana lalata babur ta hanyar da hawa ba ya yi. Fetur da ya shekara a tanki yakan lalace ya zama danƙo, ya toshe ƙananan ramukan kafireto. Tankin da aka bari rabi yakan yi tsatsa ta ciki, don haka ka buɗe murfin ka haska fitila ka leƙa. Tsatsa kaɗan ana wankewa, amma idan tana ɓarewa za ta yi ta toshe maka mai a tsakiyar hanya har sai ka sauya tankin. Batir ya riga ya mutu, kada ma ka sa rai da shi. Tayoyi suna iya kasancewa da zanensu amma gefensu ya tsattsage. Da yawansu suna da alƙaluma huɗu a gefe masu nuna mako da shekarar da aka yi su, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta kai shekara shida a zafin ƙasarmu ta gama aikinta ko ba a hau ta ba. Robobin da ke tare mai a shokozoba ta gaba sukan bushe su fara yoyo da zarar an koma hawa. Idan a zaure ko a ɗakin ajiyar hatsi ya zauna, ka duba wayoyin wuta, ɓeraye suna son su. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma idan ka tara kuɗinsu za ka ga ratar da ke tsakanin farashin baburan biyu ta ƙara tsukewa, kuma ya kamata maƙwabcin naka ya ji wannan lissafi cikin ladabi kafin ku tsayar da magana.

Batun shan mai, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama tambayar farko a bakin kowa, ba zai raba maka gardama ba. Dukansu biyun ƙananan injuna ne masu tsimi, kuma lafiyar kafireto da iskar taya sun fi sunan kamfani tasiri a kan abin da za ka kashe. Idan kana son ka sani tabbas, ka cika tanki, ka je makaranta ka dawo, kilomita 28 ke nan, ka sake cikawa ka ga abin da ya shiga.

Hukuncina shi ne, idan mai rasit ya bayyana, lambobi suka dace, wuyan shasi kuma ba a taɓa shi ba, ka sayi Boxer ɗin ko da yana ɗan hayaƙi, bayan an rage maka kuɗin gyaran inji, domin shi ne daidai da hanyarka da gonarka, kuma ranar da ka so sayarwa ba zai kwana a hannunka ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ukun ya faɗi, ka ɗauki Haojue ɗin, ka yarda da iyakarsa: rabin buhu maimakon cikakke, tafiya a hankali a kan burji, da damina kuma idan ruwan kwarin ya kai kan injin ka kashe shi ka tura, ko ka zagaya. Injin da ya zuƙi ruwa yana cikin aiki yana iya lanƙwasa sandar fiston nan take.

Ko wanne ka tsayar, a rubuta cinikin. Takardar ta ƙunshi sunan mai sayarwa da naka, da lambar inji da ta shasi, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu waɗanda ka san gidajensu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Idan da hali ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar, domin wannan ma shaida ce. A shari'armu mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, amma a kasuwar babura wannan dama ba ta da ƙarfi sai an rubuta ta, don haka ka nemi a sa cewa kana da kwana uku na gwaji. Daga nan ka je ofishin lasisi a mayar da takardun da sunanka, idan Boxer ne a yi masa lamba, ka kuma ware kuɗin hular kwano da kwaɗo mai ƙarfi. Ranar da ka kawo shi gida ka sa a yi masa juye a gabanka, ko da an ce maka jiya aka yi, a tare tsohon man a kwano mai tsabta, ka karkata shi a rana ka dubi abin da ya kwanta a gindin kwanon tun kwana ukun nan ba su cika ba.